Yaya Habu da Gawawwakin da Aka Hana Ƙasa

Shekara arba'in da shida ke nan da muka sa yayana Habu a ƙasa a nan Landan. Har yau idan bas ta bi da ni ta babban filin nan na saman Lewisham, sai in kau da kai daga taga.

Ni direba ne a lokacin, shi kuma kuku, a gidan wani Alhaji ɗan kwangila da arzikin fetur ya kawo Ingila. Ɗan gidan da muke zaune yana unguwar Deptford. Ran Lahadi Yaya yakan tuƙa tuwo, ɗaliban Arewa su cika ɗakin. Shi ne kuma ake kira ya yi wankan gawa idan wani namu ya rasu.

Wani ɗalibin tarihi mai suna Lawal shi ya ba mu labarin manoman Ingila na ɗaruruwan shekarun baya. Haraji ya ishe su, suka yi tawaye, suka yada zango a wannan filin na saman Lewisham. Sarki ya yi musu alkawarin afuwa, suka watse. Sai alƙalai suka bi su gari gari, ana sa maƙwabci ya faɗi sunan maƙwabcinsa, ana ratayewa. A wani gari 'yan'uwa suka saci jiki suka sauko da gawawwakin don su binne. Sarki ya aiko cewa su mayar da su inda aka rataye su da hannunsu, a ɗaure da sarƙa, har su ruɓe.

Yaya ya ajiye lomar da ya ɗebo. "Da hannunsu, Lawal?"

"Da hannunsu, Baba Habu."

"Kai dai ka zo ka ci tuwona ka hana ni ci."

Aka yi dariya, ban da shi. Daga baya na ce masa, "Yaya, anya ya halatta mu damu da su? Ba Musulmi ba ne fa."

"Kai komai sai ka tambayi halaccinsa, Ɗanjuma. Ba salla na ce zan yi musu ba. Mutum ne a rataye, ɗansa yana wucewa ta ƙarƙashinsa zuwa gona." Sannan ya ce, "In na mutu a garin nan, kada ka bar ni ina jira."

Ciwon ƙirji ya ɗauke shi cikin tsananin sanyi. A wancan zamanin masu hali jirgi suke sa gawa a kai ta gida. Alhaji ya ce zai kama masa wuri a jirgi, Inna kuma ta aiko daga gida tana son a kawo mata ɗanta. Amma takardun fitar da gawa ba su da ranar fitowa, Yaya kuwa yana kwance a firjin asibiti. Na kasa ci, na kasa salla da natsuwa. Na durƙusa gaban Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in rufe shi a nan." Washegari muka rufe shi. Inna ta rasu ba ta ga kabarin ba, kuma ba ta taɓa tambayata yadda wurin yake ba. Wannan shirun nata yana tare da ni.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da yau, da ake turo mana hotunan gawawwaki daga gida ta waya, a jere a ƙasa ba mayafi, an ce masu tayar da ƙayar baya ne, kowa yana kallo yana tura wa wani. Ina jin ba zai tambayi laifinsu ba. Zai tambayi wa zai wanke su.

Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari shi ne yadda ake juya mamaci a hankali kamar yana jin zafi. Na koya a wurinsa, na koya wa ɗana, wanda nake yi wa Hausa yana amsa mini da Turanci. Watan jiya na tsaya a bayansa yana wanke wani tsoho da ba mu san danginsa ba. Ban gyara masa komai ba.

Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya sa ya huta.