Ranar da Barau Ya Taka Ƙasa

Ranar wata Talata ce, a tsakiyar shekarun dubu da ɗari tara da hamsin, bayan an gama yankan gero a Mairuwa, kakata ta wajen uwa ta iso gidanmu daga Ruwan Godiya a kan jaki. Iya muke kiranta. Shekarata takwas a lokacin, ina tsaye bakin turmi ina taya mahaifiyata surfe, ƙanena Barau yana goye a bayana kamar kullum. Iya ba ta tsaya shan ruwa ba. Ta amsa gaisuwa a taƙaice, ta zauna a kan tabarma, ta ce in kwanto mata maigidanta, domin haka kaka take kiran jikanta namiji da wasa. Ta kwantar da shi a cinya, ta shafa maɗigarsa, ta buɗe bakinsa ta duba haƙora, ta tafa hannu a bayan kunnensa ya waiga. Ta sosa tafin ƙafarsa da farce, ya janye yana dariya. Ta tallafe shi ta hammata, ta ɗora ƙafafunsa a kan cinyarta, ya tokare ta da ƙarfi kafin ya lanƙwashe. Daga ƙarshe ta daɗe tana kallon gwiwoyinsa, masu laushi kamar na jaririn da aka yi sunansa jiya, ba kanta, ba tabo. Watansa ashirin da haihuwa, bai taɓa rarrafe ba, balle tafiya.

Wajibi ne in bayyana yadda aka kai ga haka. Tsakanina da Barau, Inna, wato mahaifiyata, ta haifi 'ya'ya uku, kuma duk sun koma. Ta ukun mace ce, ta yi wayo har ta fara rarrafe. Wata rana aka same ta tana cin ƙasa a gindin randa, kwana biyu bayan haka zawo ya kama ta, kafin mako ya zagayo an binne ta. Tun daga nan Inna ta ƙulla gaba da ƙasa. Da aka haifi namiji, aka raɗa masa suna Isiyaku, tsofaffi suka yi masa laƙabi da Barau, irin sunan da ake ba yaron da ake roƙon Allah ya bar wa iyayensa shi. Inna kuwa ta kafa doka guda, cewa jikin yaron nan ba zai taɓa ƙasa ba. In tana girki yana bayana, in na gaji yana cinyarta, in ya yi barci yana bisa gado an kewaye shi da tsumma.

A sauran al'amura bai yi jinkiri ba ko kaɗan. Ya riƙe wuyansa a kan kari, ya yi murmushi, ya iya zama a cinya tun kafin damina ta farko ta ƙare. Haƙoransa na ƙasa suka fito da ɗan zazzaɓi, Inna ta kwana uku ba ta ci abincin kirki ba, sa'an nan ya warke. Ya yi gwaranci, ya koyi miƙa hannu in yana son kunu, ya kuma laƙaba mini suna Aya, domin bakinsa bai iya furta Yaya ba. Ni ce ƙafarsa. Da shi nake zuwa makarantar allo, ina karatu yana jan igiyar allona. Da shi nake zuwa rijiya, da shi nake kai wa maza abinci gona, tasa a ka, yaro a baya. In 'yan mata sun taru yin gaɗa da yamma, ni tafi kawai nake yi, domin mai goyo ba ta faɗawa da baya a cafe ta. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin wahala ba. Alfahari nake yi da cewa majanyina bai taɓa kwancewa ba, kuma ko kuka ya fara, da na girgiza kafaɗa sai ya yi shiru.

Amma akwai Ladidi, 'yar maƙwabtanmu, wadda aka haifa mako guda da shi. Ladidi ta yi rarrafe, ta kama bango, ta fara tatata, har ta kai tana korar kaji a tsakar gida. In na iso rijiya sai mata su bi ƙafafun Barau da kallo suna lilo a ƙuguna. A hankali maganar ta fito fili. Wai yaron da ya haura shekara ɗaya da rabi bai motsa ba, ba mutum ba ne, ɗan ruwa ne aka musanya. Baba Sale, yayan mahaifina, wanda shi ne babban gandunmu, ya ji labarin wani mai magani da ke gwada irin waɗannan yara. Ana ajiye yaro a bakin rafi, kowa ya juya ya tafi, in na ruwa ne sai ya koma inda ya fito. Baba Sale ba mugu ba ne, shi yake kawo wa Barau rake daga fadama, amma ya gaskata abin da ya ji, kuma ya ce a shirya. Mahaifina ya ce wannan ba ya cikin addini, sai dai ƙane ba ya ja da yayansa a gaban mutane. Inna ce ta aika wa Iya saƙo a ɓoye ta bakin wata mai sayar da daddawa.

Da la'asar ɗin ranar da ta iso, Iya ta tsaya daga bayan zaure, ta sa aka yi mata sallama da Baba Sale. Bayan doguwar gaisuwa irin ta surukai, ta yi magana ba tare da ɗaga murya ba. “Malam Sale, yaron nan ba ɗan ruwa ba ne. Yaro ne da ba a taɓa ba shi ƙasa ba. Yayensa ya yi, ku ba ni shi. In an gama cirar auduga bai taka ba, sai mu sake zama.” Da yake al'ada ce kaka ta ɗauki jika yaye, Baba Sale ya amince da wa'adin. Washegari muka kama hanya, ni ma aka haɗa da ni don kada kewa ta yi wa yaron yawa. Inna ta rako mu har bayan gari, tana ta nanata mini cewa in kula, kada in bari ya ci ƙasa.

Abin da Iya ta fara yi da muka sauka shi ne ta karɓe majanyina ta jefa cikin rumbu. Sa'an nan ta sa aka ɗebo mata yashi mai laushi daga rafi, ta rairaye shi, ta shanya a rana, ta baza a gindin durumin da ke tsakar gidanta. Kowace safiya takan gasa wa Barau ƙafafu da ruwan ɗumi, ta murza su da man kaɗanya tun daga cinya har yatsu, tana yi masa ba'a cewa ita ba ta zama da mijin da ba ya zuwa gona. Daga nan ta zaunar da shi a kan yashin, ta ajiye ƙoƙon kununsa inda hannunsa ba ya kaiwa, ta tafi harkarta. Ni kuma ta ba ni dutsen gurza da auduga, ta zaunar da ni a bakin ɗaki, inda zai gan ni amma ba zai taɓa ni ba. Ranar farko ya ɗaga ƙafafunsa sama kamar an ɗora shi a kan garwashi. Ya yi kukan nono, ya yi kukan baya, ya miƙo mini hannu yana kiran Aya har muryarsa ta dushe. Ina gurza ina hawaye, audugar tana jiƙewa.

A kwana na huɗu na kasa jurewa. Iya ta shiga maƙwabta barka, na sure shi, na ɗaure shi da ɗankwalina, na laɓe bayan rumbu ina jijjiga shi har ya yi barci. Kafin ta dawo na mayar da shi. Tana shigowa ta dubi yaron, ta dubi bayan rigata inda miyaunsa ya jiƙa, ta kira ni ɗaki. Na zaci duka zan sha, amma zaunar da ni ta yi, ta tambaye ni ko na san abin da ake shirin yi wa ƙanena a bakin rafi. Na ce na sani. Ta ce, “To, ki ji da kyau. Bayanki ne ya cinye mashi ƙafa. Ba laifinki ba ne, so ne, naki da na uwarki. Amma in kika ƙara ɗaukar shi, ke kika kai shi rafin.” Ban taɓa jin magana mai nauyin wannan ba. Tun daga ranar, ko kukansa ya kai ina, hannuna bai bar gurzar auduga ba.

Ci gaban ya zo a hankali ƙwarai. Ya yi mako biyu kafin ya yarda ya dafa yashin da tafin hannu. Bayan haka ya fara jan gindi zuwa wurin ƙoƙon, Iya kuma kullum tana ƙara matsar da shi. Ya ci ƙasa kuwa, ba sau ɗaya ba. Na farko na ruga a firgice, Iya ta sa yatsa ta kwakule bakin, ta wanke masa, ta mayar da shi inda yake. Lokacin da dawa ta nuna ya fara rarrafe sosai, yana bin 'yan tsaki har ƙofar akurki, gwiwoyinsa suka yi baƙi suka yi kanta. Iya ta kwantar da wani tsohon turmi kusa da shi, ya koyi dafa shi ya miƙe, yana karkarwa kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Daga turmi ya koma kama bango, yana zagaya ɗaki da gefe. Amma a nan ya tsaya. In aka kama yatsansa aka ce tatata, sai ya zauna daɓas. Auduga ta fashe fari fat a gonaki, aka yi cira ta farko, aka yi ta biyu, masu zuwa daga Mairuwa suna kawo gaisuwar Baba Sale tare da tambayar ko akwai labari. Ita kanta Iya ta rage ba'a.

Wata safiya, saura gona ɗaya a gama cira a gandunmu, na ɗauki tulu zan tafi rijiya. Barau yana tsaye dafe da turminsa a cikin hantsi. Kullum in zan fita nakan saci jiki ta bayan ɗaki, amma ran nan na manta, na ratsa tsakar gida a gabansa. Ya kira ni, ban amsa ba. Ya sake kira da kuka. Sai na ji muryar Iya daga bakin murhu, ƙasa-ƙasa, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba. “Kada ki waiwaya. Ci gaba da tahiya, sannu-sannu.” Na ci gaba, tulun a kaina. A bayana ina jin numfashinsa, da wani ɗan sauti a kan yashi, sai shiru, sai kuma sautin. Na ƙirga biyar. A na shida wasu 'yan hannuwa suka cafki zanina ta baya, muka zube tare, tulun ya fashe. Ni da na goya shi wata ashirin, ban ga takunsa na farko ba. Iya ce kaɗai ta gani, ta zauna a ƙasa tana hamdala, tuwonta yana ƙonewa.

Bayan kwana goma muka koma Mairuwa. A ƙofar gida Iya ta sauke shi daga kan jaki, ta tsayar da shi, ya ratsa zaure da ƙafarsa, yana tangaɗi, ya faɗi sau biyu ya tashi. Baba Sale yana zaune a kan buzu, ya bi shi da kallo har ya shige. Sa'an nan ya yi istigfari, ya aika a gaya wa Inna ta yafe masa. Ba a sake ambaton rafi a gidanmu ba. Inna kuwa ta rungume yaron, ta ga gwiwoyinsa, ta yi kuka ta yi dariya, daga baya da hannunta ta sauke shi ƙasa. Da damina ta kewayo, da yake ba ni da sauran goyo, aka sa ni makarantar elementare.

Yanzu zamani ya sauya. Mata suna kai jarirai asibiti a auna su, a rubuta a kati, ma'aikatan jinya suna tambaya ko yaro ya zauna, ko ya yi rarrafe, ko ya fara magana. Wannan alheri ne babba, domin akwai yaran da jinkirinsu ciwo ne na gaske, kuma magani suke bukata, ba zargi ba. Na karanta littattafan renon yara a jami'a, na tarar an jera matakan girma daki-daki, wata bayan wata, na yi ta tunanin tsohuwar da ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba. Iya ta rasu ina makarantar kwana, ban sami damar gaya mata na gane abin da ta yi mana ba. An sare durumin, gidan ya koma hannun wasu. Barau ya zama saurayi, shi ke riƙe da gonar mahaifinmu, kuma ba ya tuna kome daga cikin wannan labari. Ni ce nake tunawa, ni ce kuma nake yi mata addu'a a madadinsa. Ita ta koya mini cewa wani lokaci reno shi ne a janye hannu.