Jan Jemage a Ganyen Ayaba

A ƙauyenmu da ke bayan Zuba, da an idar da sallar magariba sai mu kewaye murhun Kaka Ladi. Wanda ya fi burge ta shi ke cin ƙanzon tuwo, ya kuma jingina da ƙafarta. Wurin nan nawa ne, har shekarar da aka sa Habibu, ɗan kawuna, a makarantar boko, ni kuwa aka bar ni a gona.

Wata rana ta ba mu labarin ƙaramin jemage. Ya je taron tsuntsaye, suka dubi kunnuwansa suka ce, "Ɗan ɓera, koma gidanku." Ya je wurin ɓeraye, suka ga fiffike suka toshe rami. Shi ya sa sai duhu ya yi yake fitowa, kada a tambaye shi danginsa.

Habibu ya gyara zama. "Kaka, a littafi ba tsuntsu ba ne, ba ɓera ba ne. Shayar da 'ya'yansu suke yi, kuma a kogo suke kwana."

"Ku ji maigidana na boko," in ji Kaka. Da, ni take kira maigida.

Na ce ai ni na ga wani a bakin rafi, cikin sabon ganyen ayaba da bai buɗe ba. Bai cika tafin hannuna ba. Gashin bayansa ja kamar tagulla, fiffikensa baƙi, kunnuwansa sak na ɓera.

Habibu ya yi dariya. "Jan jemage? Babu shi a littafi."

Kaka ta miƙa masa ƙanzon. "Iro, bari mai karatu ya yi magana."

Har ta rasu ban sake jingina da ƙafarta ba.

Yanzu ina aikin lodi a tashar Utako, da yamma ina zuwa ajin manya a Nyanya. Bana na roƙi malamarmu ta nemo mini jan jemagen nan a wayarta. Na bi da yatsa, a hankali, na karanta da kaina: yana cikin dangin jemagu masu kunnen ɓera, ja ne, yana kwana a naɗaɗɗen ganyen ayaba kusa da ruwa. Sai na gane ashe bai taɓa rasa dangi ba. Mai dubansa da kyau ya rasa.

Na kira Habibu, yana ofis.

"Oga, ka tuna jemagen nan na Kaka?"

"Wane jemage? Ta taɓa ba mu labarin jemage?"

Tun ina yaro nake kishin ƙanzon da ya ci. Yanzu har yadda ya iya mantawa nake kishi.