Alherin Lokotoro

Zamanin Faransawa, ni kaɗai ce mace cikin ma'aikatan gidan likita na Magarya. Ina wanke gyambo, ina dafa kayan aiki, ina riƙe yara idan za a yi musu allura. Abin da nake so kuwa bai wuce in riƙe allurar da hannuna ba, don duk wanda ya iya ta shi ake turawa Damagaram ya koyo aikin jinya sosai.

Lokotoronmu, wato likitanmu, Bature ne mai tausayi, kuma tausayin nasa ne ya cuce ni. Ran da ya ji ina da yara uku sai ya dafe kai. Ya sa tafinta ya gaya mini daga yau, da an tashi aikin safe, in tafi gida kada in dawo da yamma. Na yi godiya har ƙasa. Washegari ma na kai masa ƙwan zabi a ƙwarya, don a gidanmu ba a koya mana karɓar alheri da baki kawai ba.

Ashe da la'asar, idan marasa lafiya sun ragu, yake koyar da allura. Abokan aikina maza su yi barcin rana, su dawo da sanyin jiki su koyi aiki. Ni kuwa a lokacin ina bakin turmi ina cin moriyar hutuna.

Da na gane, na aika garin Waca aka zo mini da gwaggon maigidana, tsohuwa mai son yara da son iko. Ta karɓe madafa, ta karɓe yaran, ta kusa karɓe mijin. Sai na je na ce wa lokotoro yanzu ina da mai taimako, zan riƙa dawowa da yamma.

Tafinta ya juyo ya ce, "Ya ce ke macen kirki ce, amma shi ba zai raba uwa da 'ya'yanta ba."

Na ce, "Malam, gaya masa yaran ba su yi ƙorafi ba."

Bai gaya masa ba. Ya ce ba a mayar wa Bature kyauta.

Bayan kakar gyaɗa aka zaɓi wanda za a tura: wani saurayi da ya zo bayana, ni na nuna masa inda ake ajiye auduga. Lokotoro ya kira ni, ransa a ɓace da gaske, ya ce hannuna ya fi na kowa, da dai ina nan da yamma. Na dubi fuskarsa ko wasa yake. Ba wasa yake ba.

Na ji haushi ranar har na kasa sallama. Na koma gida na tarar gwaggo ta yi daka, ta dama fura, yaran sun sha sun yi waje. Na tambaye ta ko akwai abin da zan kama mata.

Ta ce, "Babu, 'yar nan. Ki zauna ki huta, ke da kike aikin Turawa."