Injin da Na Zaɓar Maka, Malam Audi

Ranar Lahadi, tara ga Sha'aban na shekarar 1424, daidai da biyar ga Oktoban 2003, ina cikin duba marasa lafiya da hantsi aka ce ana nemana a waya. 'Yarka Fatna ce. Ta fara magana da Hausa, murya ta ƙi fita, sai ta ƙarasa da Larabci: Baba ya rasu. Ka dawo daga masallaci, ka zauna a bakin ƙofa, ka ce a ba ka ruwa. Kafin matarka Inna Zenabu ta iso da kofin, rai ya yi halinsa. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma.

An sallace ka bayan la'asar a Masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, muka raka ka maƙabartar Baƙi'a. Ban taɓa ganin jana'izar mai aikin lambu da ta tara jama'a haka ba. Ga likitoci da malaman jami'a, ga direbobi da masu shara, ga mutanen Sudan da na Chadi. A hanyar dawowa dattawan ƙungiyarmu ta Hausawan Madina suka ce ni zan rubuta ta'aziyyarka, wai don duk Madina babu wanda ya riƙe ka kamar ni. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kuka ne. Kunya ce, Malam Audi. Na karɓi aikin ne don in faɗi abin da ya faru, kada a ci gaba da yabona a kan abin da ban yi ba.

A shekarar 1994 na sauka garin nan daga Zariya, da ni da matata Asama'u, ba mu san kowa ba. Wata Juma'a bayan an fito masallaci muna tsaye muna gardamar ta wace ƙofa muka shigo, sai wani dogon dattijo mai kaushin hannu ya tsaya a gabanmu yana murmushi, ya ce, "Baƙi na nan? Ku taho mu tai gida, an yi tuwo." Kai ne. Ka ce mana kai mutumin Madawa ne a ƙasar Nijar, ka yi shekara goma sha biyar kana kula da shuke-shuken bakin titi a wajen Masallacin Ƙiblatain. Ɗakinku biyu ne kacal, amma ranar muka ci tuwo da miyar kuka har Asama'u ta yi hawaye, don wata uku rabonta da ɗanɗanon gida.

Daga nan ka zama ubanmu. Kai ka nuna mini inda ake sabunta iƙama, takardar zaman ƙasa, da irin maganar da ake yi wa ma'aikacin da ke bayan tebur. Da Asama'u ta haihu babu uwa babu ƙanwa a kusa, Inna Zenabu ce ta tare a gidanmu kwana arba'in, ta yi mata wankan jego, ta dama mata kunun kanwa. Lokacin aikin Hajji kuwa, ranar hutunka ba ta hutu ba ce. Sai ka tafi Bi'ir Ali, inda alhazai ke ɗaukar harami, ka tsaya cikin rana tsakanin manyan motoci kana kasa kunne. Da ka ji tsoho yana kiran sunan abokin tafiyarsa da Hausa ko Zabarmanci, ka san ya ɓata. Ka kama hannunsa, ka gyara masa ɗaurin harami, ba ka barinsa sai ka ga ya zauna a kujerarsa cikin motarsu.

A 1997 mahaifina ya zo sauke farali, ƙafafunsa sun riga sun yi rauni. Aiki ya sha mini kai a asibiti. Kai ka ɗora shi a keken guragu, ka kai shi Ƙuba, ka kai shi Uhudu, ka kai shi Ƙiblatain, kwana takwas kana tura shi kana ba shi labarin kowane wuri. Ranar da zai tafi ya kama hannuna ya sa cikin naka, ya ce, "Mahmudu, ka riƙe wannan bawan Allah kamar yadda za ka riƙe ni." Na ce to.

Shekarar da ta biyo baya aka ƙara mini girma, muka koma wani gida a Al-Azizya mai fili a gaba, an shimfiɗa masa ciyawa. Filin ba babba ba ne, ba kuma ƙarami ba: taku arba'in a tsawo, ashirin da 'yan kai a faɗi, da bishiyar dabino uku, ya kuma ɗan gangara zuwa wajen ƙofa. Ka zo yi mana barka ka tarar ciyawar ta fara ƙonewa, ka durƙusa ka tona ƙasar da yatsa, ka ce za ka riƙa zuwa duk Alhamis. Kai ka farfaɗo da ita. Ka shuka wa Asama'u zogale da na'a-na'a a jikin katanga. A wannan filin ne abubuwa suka sauya tsakaninmu, ba tare da na lura ba. Da farko kana gama aiki ka shigo falo mu sha shayi. Daga baya sai a miƙa maka shayin a waje. Ba zan iya tuna ranar da ka daina shigowa ba, kuma ban taɓa tambayar dalili ba.

Da lauje da babban almakashi kake yanke ciyawar, a tsugune, tun safe har azahar. Wani abokin aikina ya zo ya gani, ya yi mini dariya, ya ba ni wata mujallar kayan lambu mai hotuna. Na kwana biyu ina nazarinta, na ji na zama gwani. A bazarar 1999 na ɗauke ka a mota muka tafi wani shagon kayan noma don mu zaɓi injin yankan ciyawa, irin wanda mutum ke bi a baya. A raina alheri zan yi maka.

Mai shagon ya jera mana iri uku. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Na lantarki ka ce a'a, wayarsa za ta riƙa sarƙewa a gindin dabino, ga kuma ruwan ban-ruwa a ƙasa. Ka zo kan wani babba mai jan fenti, jikinsa ƙarfe zalla, bakinsa da faɗi. Ka danna hannunsa ka ɗaga gabansa, ka tura shi taku uku, ka tsaya. Ka ce ya yi nauyi, kuma ba zai shiga tsakanin katanga da dabino ba. Sai ka dafa na ukun, matsakaici, mai wani ƙarfe a hannu wanda in an matse shi injin ke jan kansa, mutum ya bi shi kawai yana juya shi.

Ka ce, "Likita, wagga makina ta tsakiya ita ta dace da hilinka. Tana tahiya da kanta, ga gangare nan, in za a hawo sai ta taimaki mutum."

Ni kuwa jan nan na gani a mujalla, shi ne kuma irin na abokin aikina. Na kawo hujjojina: mai jan kansa yana da bel da giya, ƙura za ta kashe su, babban kuwa zai gama filin a zagaye kaɗan. Ka saurare ni har na gama. Sannan ka sassauta murya, ka ce, "Gaskiya ne. Amma dai a duba wanda za ya tura ta."

A nan ya kamata in tsaya in dube ka. Ni likita ne. Mutum ya tura abu taku uku ya tsaya yana numfashi ta baki, da a ɗakin duba marasa lafiya ne, da nan take na ɗora masa abin sauraron ƙirji. Maimakon haka sai na juya wajen mai shagon, na ce da Larabci, ina dariya, "Ka san halin ma'aikata. In ka biye musu, sai sun ce a sayo wanda za su kwanta a kai." Mai shagon ya tuntsire da dariya. Ya tambaye ni ko kai wane ne, na ce, "Amil ne, mai yi mini aikin lambu."

Amil. Lebura. Mutumin da matarsa ta yi wa matata wankan jego, wanda mahaifina ya sa hannuna cikin nasa. Kuma na faɗa da Larabci kamar ba za ka ji ba, alhali kai ka koya mini rabin Larabcin kasuwa da na iya. Ka sunkuya ka kama jan injin ta gaba, muka ɗora shi a mota. A hanya na so in yi magana, girman kai ya hana. Da muka isa ka ce, "Allah Ya sa albarka, Likita." Shi ke nan.

Shekara huɗu kana tura wannan injin. Duk Alhamis, har cikin watannin da zafin Madina ke hana tsuntsu tashi. Inda bakinsa ba ya shiga, ka koma wa laujenka, kamar yadda ka faɗa tun a shago. Ina zaune a falo cikin sanyin na'ura ina jin ƙararsa. Nakan ji ta tsaya, ta daɗe, ta sake tashi. Alhamis ɗin ƙarshe na leƙa ta taga na gan ka a tsakiyar gangaren, ka kifa goshi a kan hannun injin, kafaɗunka suna hawa suna sauka. Na ce a raina tsufa ne. Na saki labule.

Rana ta uku da rasuwarka na je gidanka zaman makoki. Da mutane suka ragu, Fatna ta fito da wata jakar leda ta ajiye a gabana. Magungunan ciwon zuciya ne, da katin wani ƙaramin asibiti. Na duba kwanan watan farko: wata biyar kafin ranar da muka je shagon nan. Ta ce da ni, rabi Hausa rabi Larabci, tana kirana Ammu, wato baffa, "Ammu, duk Alhamis in ya dawo daga gidanku, sai ya zauna awa guda ba ya iya magana. Ƙafafunsa su kumbura. Na ce zan gaya maka, ya ce wallahi in na faɗa bai yafe ba."

Na tambayi Inna Zenabu me ya sa. Ta ce cewa ka yi in na sani zan hana ka zuwa, in kuwa ka daina zuwa yankan ciyawar, ba ka da sauran dalilin shiga gidan, ba za ka ƙara ganin yaran ba. Haka na mayar da kai, Malam Audi: sai da injin a hannu kake ganin kana da izinin taka gidan da kai ne ubansa.

Ban ce injin ne ya kashe ka ba. Kwana ya ƙare ne, kuma na san ciwon da ke cikin katin nan yana kai mutum ko bai ɗaga tsinke ba. Amma na san abin da nauyi da zafin rana ke yi wa irin wannan zuciyar, sanin da nake karɓar albashi a kansa. Alhamis ɗin da ta wuce na fito da injin da kaina, karo na farko tun da aka saye shi. Na ja igiyarsa sau shida kafin ya tashi. Na gangara lafiya. Da na juyo zan hau, ban kai dabino na biyu ba gumi ya rufe mini ido. Na wuce ƙuruciya, amma ka ba ni shekara ashirin, kuma zuciyata lafiya lau take. Na kashe shi, na zauna a ƙasa. Asama'u ta fito ta same ni a haka, ta zauna kusa da ni.

Na koma wurin Inna Zenabu na faɗa mata duk abin da na rubuta a nan, har da maganar da na yi a shago, na roƙe ta gafara. Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, "Mahmudu, ba ni ka yi wa ba, balle in yafe. Wanda ka yi wa ya tafi. Abin da zan iya shaida kawai, ban taɓa jin ya ambace ka da mugun baki ba, kuma bai taɓa ba ni labarin shagon nan ba. Yau na fara ji."

Don haka nake roƙon duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa, musamman 'yan'uwana da Allah Ya ɗaukaka a ƙasar nan, masu 'yan gida suna yi musu aiki: ku dube su da kyau tun suna tsaye a gabanku. Ku kuma daina cewa ni na riƙe Malam Audi. Shi ya riƙe ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Zenabu, da Fatna, da 'yan'uwansa na Madawa, da dukan jama'armu ta Madina. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya tsaya muku a inda ya saba tsayawa.

Ya Allah, ga bawanKa Audi ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka hutar da shi hutun da bai samu a hannunmu ba. Ka tashe shi cikin maƙwabtan ManzonKa, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ni kuma, ya Ubangiji, haƙƙinsa yana wuyana, ba ni da hanyar isa gare shi sai ta wurinKa. Ka isar masa cewa na gane, Ka sanya shi ya yafe mini ranar da za mu tsaya a gabanKa. Amin.

Mahmudu Sambo
Al-Azizya, Madina