Mun Mayar da Motar Yaya Gida

Da asuba muka so tashi daga Gezawa, amma motar ba ta so ba. Ana sallame sallah na fito na murɗa makulli. Ta yi wani nishi ƙasa-ƙasa kamar tsoho mai tari, ta sake yi, sannan ta yi shiru. Sanyin bana ya kwantar da batirin. Sai da mutanen masallacinmu suka tattare riguna suka tura ta har bakin titi kafin ta kama. Baffa, ƙanin mahaifinmu, yana gaba a ƙudundune cikin bargo, bai sauka ba. Ya ce nauyinsa ne yake sa taya ta kama ƙasa.

Motar ta Yayana ce, wanda Allah ya yi wa rasuwa da daminar da ta wuce. Da ita yake kai tumatir da albasa daga Watari zuwa kasuwanni. Ranar da ciwo ya yi tsanani, shi ya tuƙo ta da kansa har ƙofar gidana. Daga nan muka kai shi asibiti a birni, bai dawo ba. Tun lokacin tana ajiye a jikin katangata.

Yaya ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta faɗi sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko "yayanku". Ko a zaman makoki ba wanda ya ga hawayenta. Shi ya sa da Baffa ya zo da saƙonta, cewa a kawo motar tana so ta ji ta a ƙofar gida kamar da, na san ba ƙaramin abu ta nema ba. Shi ne abu na farko da ta roƙa game da shi.

Sai na ga bai dace in kai mata ita yadda take ba. Ƙofar baya a lotse take, fenti ya ɓaɓɓare, salansa ta fashe tana ƙara kamar injin niƙa. Na kai ta gareji. Mai gyaran jikin mota ya yi ta bugun ƙofar da guduma har ta miƙe, ya cike, ya goge, ya fesa sabon fenti. Mai walda ya ɗaura sabuwar salansa. Batiri ne kaɗai ban canza ba, don abin hannuna ya ƙare kafin in kai gare shi.

Mun ratsa gefen birni gari bai gama wayewa ba. Masu shayi sun hura wuta, mutane sun kewaye su suna miƙa tafin hannu. Ina tsoron in kashe motar, don haka ta taga muka sayi ƙosai, injin yana aiki. A gidan mai kuwa ba su yarda ba, suka ce sai an kashe. Na kashe, aka zuba mai ɗan kaɗan da tsada mai yawa, sannan ta ƙi tashi. Wannan karon Baffa ya sauka, amma aikinsa shi ne nuna wa masu turi inda za su dafa, kada su ɓata sabon fenti.

A Dawanau manyan motoci sun cika hanya da buhunan hatsi. Ni ba gwanin tuƙi ba ne, ɗinki ne sana'ata, don haka a hankali na bi bayansu. Sitiyarin ya yi santsi a daidai inda Yaya yake riƙewa. Ban so sa hannuna a wurin ba, amma babu wani wurin riƙewa.

A Bichi muka tsaya wajen wani mai gyaran batiri. Ya kankare kawunan, ya ƙara ruwa, ya gwada, ya girgiza kai. Ya ce ɗaya daga cikin gidajen batirin ya mutu, kuma sanyi ne yake tona asirin batiri irin wannan. Ba ya jin zai ga ƙarshen sanyin bana. Ya ba mu shawara mu riƙa kwana da ita a kan gangare, da safe a sake birki ta gangara ta kama. Baffa ya ce mai ita ya san haka, shekara da shekaru a kan tudun bayan gida take kwana.

Hanyar Bagwai ta bi ta cikin gonaki da aka girbe, an jingine karan dawa a jikin bishiyoyi. Ƙauye yana ƙarewa wani yana farawa. Da muka kusa Watari sai ƙasa ta koma kore shar, alkama ta tashi, kwandunan tumatir jere a bakin hanya. Na hango fegin Yaya. Wani ne a ciki yana ba da ruwa.

A nan ne abin ya fara damuna. Duk waɗannan mutanen sun san motar. Da, tun daga nesa suke jin ƙararta, su ɗago daga aiki su ɗaga hannu. Ranar nan muka wuce ta gabansu, suka kalle mu kamar baƙi. Baffa ya ce, "Yau ba wanda ya gaishe mu."

Mun isa gida wajen azahar. Na tsaya daidai ƙofar zaure, na jira. Inna ba ta fito ba. Na shiga na same ta tana tsince wake da lalube, don yanar ido ta rufe mata gani. Na gaishe ta, na ce mun kawo motar.

Ta ce, "Ban ji ku ba."

Ta ɗauki sanda ta fito. Ta dafa motar ta gefe, ta bi jikinta da tafin hannu har ƙofar baya. A nan lotsawar take a da. Amalanken shanu ne ya buge wurin a kasuwa tun tuni, Yaya bai taɓa gyarawa ba, kuma a cikin ramin Inna take sa hannu ta tallafi jikinta duk lokacin da za ta shiga. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa. Ta koma ta sake farowa. Sannan ta tambayi Baffa, ba ni ba, ko wannan ta waye.

Baffa ya ce ita ce, an gyara ta ne. Inna ta ce mun kyauta, Allah ya yi albarka. Ta ce idan mun huta mu koma da ita, tana tare wa mutane hanya. Ta shiga ta ci gaba da tsince wakenta. Tuwon da aka kawo mana da yamma, da miyar kuka da man shanu, ban san ɗanɗanonsa ba.

Washegari bayan sallar asuba na shiga motar don in koma da ita. Ba a kan tudu na kwana da ita ba. Na murɗa makulli, ta yi nishin nan nata. Na sake murɗawa, ya fi na farko rauni. Sai murya ta fito daga ɗakin Inna, irin ta wanda bai gama farkawa ba.

"Auwalu, ka kai ta gangare mana."

Sunan Yaya ne ta kira. Baffa yana tsaye da buta a hannu, bai motsa ba. Ni ma na sake makullin. Can sai muka ji kukan Inna, a hankali, ba wanda ya shiga.

Ban koma da motar ba. Mun tura ta bayan gida, muka hau da ita tudun. Duwatsun da Yaya yake tokare taya da su suna nan inda ya bar su. Na ba Baffa makulli. Ya ce zai riƙa murɗawa kullum da asuba, ba don ta tashi ba.

A motar haya na dawo Gezawa, a matse tsakanin kwandunan tumatir. Na tarar da gurbin motar Yaya a jikin katanga, da ɗigon baƙin mai a ƙasa. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, duk abin da na gyara a jikin motar, Yaya ne na goge. Abin da ya rage nasa shi ne wanda na kasa gyarawa, shi ma mai batiri ya ce ba zai wuce sanyin nan ba. Jiya Baffa ya kira ni, ya ce nishin ya fara gajarta. Allah ya jiƙan Yaya.