Zabirata a Hannun Sarkin Aska

Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba na rataya zabirar mahaifina na bar Jega. Lokacin kowa na tururuwa Birnin Kebbi neman aikin gwamnati, ni kuwa da ban gama firamare ba na san babu kujerar da ke jirana a can. Gidanmu gidan wanzamai ne a Sabon Gari. Da baba ya rasu, gidajen da yake yi wa aski da ƙaho da kaciya, daga Jega har Kashin Zama, ba su isa mu raba kowa ya ƙoshi ba. Yayyena suka ɗauki gidaje, ni na ce a bar mini zabira. Suka yi dariya suka miƙo mini.

Tsohuwar zabira ce ta jar fata, gumin hannu ya mayar da ita baƙa. A ciki akwai asake da ƙahoni da dutsen washi da sabulun salo. Na haɗa da bargo da buta da ƙunshin gari da ƙuli-ƙuli, na tafi Aliero inda ake lodin albasa. Na yi wa wani direba aski a gindin motarsa, ya shafa kai ya ji sumul, ya ce in hau bisa buhuna. Haka na fara, kuma haka na yi tafiyar duka. Kamba, Gaya, na ƙetare gada na shiga Benin, na gangara Faraku, na yanka Zugu, na ratsa Togo. Inda mota ta tsaya nan ne garina. In shimfiɗa bargo a gindin bishiya kusa da tasha, in wasa aska a fili yadda za a ji ƙararta, ba a jimawa wani zai zo ya tsuguna. In kwana a zauren masallaci ko a rumfar tasha. In gari ya karɓe ni in yi wata ko biyu, in bai karɓe ni ba in nemi direba mai suma. Na yi wa mutanen da ba ma jin yaren juna ƙaho, su nuna mini inda ke ciwo da yatsa. Ban taɓa roƙon kowa abinci ba, ban kuma taɓa kwana da yunwa sau biyu a jere ba. Ina faɗin wannan ne don a san irin girman kan da na shiga Gana da shi.

A wani gari da ke arewa da Kumasi na sauka, mai babban zango na Hausawa. Ina cikin yi wa wani aski a tasha ina ba shi labari, sai wani mai sayar da albasa ya tsaya a kaina.

"Wanga baki na gida na. Ɗan ina?"

"Jega."

"Wace shiyya?"

"Sabon Gari."

Ya riƙe hannuna da askar da komai. Ɗan Liba ne, ƙasar Maiyama, ya daɗe a garin har ya yi aure. Ya ja ni gidansa, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, wanda rabona da shi tun Gaya. Muna ci ya ce, "Matata ta haihu, jibi suna. Kai za ka yi ma ɗana aski."

"Gidan ba shi da wanzami?"

"Akwai wani tsoho, na iyayen matata. Hannu nai rawa shikai. Ranar sunan ɗiyata ta fari sai da ya yanke ta a kunne. Uwar ta kwana biyu tana yi min kuka kar ya taɓa wanga. Ka zo da sassafe ka gama kahin ya iso."

Na san ƙa'ida. A cikinta aka haife ni. Kowane gida da wanzaminsa, shi ya aske uban, shi zai aske ɗan, nasa ne rabon naman suna da goro da hatsi. Baƙo ya yi askinsa a tasha da kasuwa, babu mai hana shi, amma ba ya shiga gida ranar suna. Sai dai tuwon na bakina, ga shi an ce hannun wani na rawa, nawa kuwa ban taɓa ganin ya yi ba. Na ce to.

Na yi askin, kuma ya yi kyau. Ina wanke aska sai ga tsohon ya yi sallama, da babbar riga mai sitati da zabirarsa a kafaɗa. Ya dubi kan jaririn, ya dubi sumar da ke cikin ƙwarya, ya dube ni. Ya zauna aka yi addu'a da shi, ya ɗauki goro ɗaya kamar kowane maƙwabci, ya fita. Zauren duka babu wanda ya iya ɗaga kai.

Bayan azahar wanzamai biyu suka same ni a tasha, suka ce Sarkin Aska na kira. Wani ƙaton mutum ne mai tabarau, a can aka haife shi, Hausarsa ma ta zango ce. Wanzaman garin na zaune a zaurensa. Na cire takalmi na durƙusa.

"Baƙo, wa ya koya maka aski?"

"Mahaifina, ranka ya daɗe."

"Yana raye?"

"Ya rasu."

"Allah ya ji ƙansa. Shi ya koya maka shiga gidan wani?"

Na sunkuyar da kai.

"A garinku me ake yi wa wanda ya yi haka?"

"Ana karɓe masa zabira."

"To, ba za mu ƙara maka komai a kan na garinku ba. Ajiye ta nan. Ranar da wanda ka shiga gidansa ya tako nan da ƙafarsa ya ce ya sallame ka, ka ɗauki abarka."

Ina gani aka rataye ta a ƙusa bayan kujerarsa. Da na fito kafaɗata ta yi sakayau, har tafiyar ma ta canza mini. Duk ƙasashen da na ratso, ashe zabirar ce ke ɗauke da ni.

Ɗan Liba ya biyo ni yana ba ni haƙuri. Ya ce zai saya mini sababbin asake a Kumasi, ya ɗora ni a motar da za ta Abijan, wa ya san ni a can? Na yi tunanin abin, ba zan ɓoye ba. Amma labari tsakanin zango da zango ya fi mota gudu, kafin in isa za a ce ga wanda ya gudu ya bar zabirar ubansa a ƙusa. In kuma na koma Jega da jakar leda, me zan ce wa yayyena? Na gode masa, na tambaye shi gidan tsohon.

Na same shi a ƙofar gida bisa buzu. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya bar ni a tsugune har ƙafata ta yi sanyi.

"Baba, na zo neman gafara."

"Ita wajen Allah ake nema. Ni kaya gare ni. Gobe akwai suna, ka zo ka ɗauki zabira."

Washegari na bi shi a baya da zabirarsa kamar ɗan koyo, ni da na yi aski a ƙasa biyar. Aka miƙo masa jariri. Ya yi bisimilla, ya shafa ruwa da sabulu, ya ɗauki aska. Ina kusa, na ga bakin askar na kaɗawa, na ga kakar jaririn ta dafe ƙirji daga bakin ƙofa. Ban shirya maganar ba, ita ta fito da kanta.

"Baba, ka ce yau za ka duba hannuna."

Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe. Sannan ya ɗora askar a goshin jaririn ya ɗan ja kaɗan, ya miƙo mini.

"Zo, Basakkwace, mu ga abin da aka koya maka."

Shi ya riƙe kan, ni na aske. Ya yi ta yi mini faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Kwantar da askar. Kai fa ba daji kake sharewa ba. Haka kuke yi a garinku?" Aka yi ta dariya. Da aka kawo rabon wanzami, gabansa aka ajiye, ni na ɗauka na bi shi da shi gida.

Haka muka zauna. Shi ke buɗe aiki da bisimilla da jan farko, ni in ƙarasa, shi ya kushe. In na ce masa ni fa yanzu ɗan jihar Kebbi ne, sai ya ce suna muka canza, nauyin hannun na nan. Ya ba ni zaurensa na kwana, matarsa tana aiko mini da koko da ƙosai, har ta koya mini cin dokunu, tuwon masararsu na can, da kifi. A wajensa na koyi ƙahon baya irin na can, da yadda ake riƙe jariri mai yawan motsi a tsakanin gwiwa ba tare da an matse shi ba. Hannun ne kawai ya gaji, sauran duka na nan.

Damina ta shigo, motocin albasa suka ɗauke. Damina ta fita. Ni dai ban ji maganar sallama ba. In na ce, "Baba, an ce hanyar yamma ta bushe," sai ya ce, "Allah ya kiyaye matafiya," ya aike ni sayen sabulu. A hankali na gane inda na maƙale. Mutumin da zai sallame ni shi ne wanda in na tafi ba shi da hannu. Duk Juma'a in muka je gaida Sarkin Aska sai in saci kallon ƙusar nan. Ban taɓa buɗe baki na ce ya sake ni ba, don ni na kawo kaina. Ban kuma taɓa ce wa kowa, ko ɗan Liba, cewa ni ke yin aikin ba. In an tambaye ni sai in ce koyo nake. Cikin duk abin da na yi a yawona, wannan ne nake iya faɗa ban ji kunya ba.

Da sanyi ya fara, lokacin kaciya ya zo. Wani mai gida ya zo ƙofar gida neman a sa wa 'ya'yansa rana. Aka gama magana, ya tashi, sai ya juyo ya ce, ba da wata manufa ba, "Amma dai baƙon ne zai yi, ko Baba? Kamar yadda aka saba."

Na yi sauri na ce, "Ni ai sai abin da Baba ya nuna mini."

Tsohon ya ɗaga mini hannu alamar in yi shiru. Ya ce wa mutumin, "Shi zai yi." Bayan ya tafi ya daɗe yana duban tafin hannunsa a kan gwiwa. Ranar bai kushe ni a komai ba.

Muka gama kaciyar yaran, muka yi jinyarsu har suka warke. Rannan da hantsi ya sa babbar rigarsa ya ce in biyo shi, kar in ɗauko zabira. Ya sa aka tara wanzamai a zauren Sarkin Aska.

"Magana biyu na zo da ita. Ta farko, hannuna ya ƙare. Kun sani, gari ya sani, ni ne na ƙi sani. Ku raba gidajena a tsakaninku, in an yanka rago ku tuna da ni." Ya lissafa gidajen ɗaya bayan ɗaya, da sunan kakan kowane gida, yana faɗin wanda ya dace da kowanne. Babu wanda ya katse shi. "Ta biyu, Basakkwacen nan. Ya ci mini mutunci rana ɗaya, ya rufa mini asiri shekara guda. Na riƙe shi fiye da laifinsa. Na sallame shi."

Sarkin Aska ya miƙe da kansa ya sauko da zabirar. Na buɗe a gabansu. Asaken duk an shafe su da mai, ko ɗigon tsatsa babu. Ya ce in ina son zama za a ba ni gida biyu ko uku cikin na tsohon. Na gode, na ce hanya na fito bi. Har yau wani lokaci nakan ce da na ƙara ko damina ɗaya kusa da shi, don ban sake ganinsa ba. Na wuce Abijan, na hau Bobo da Wagadugu, na zaga ta Yamai da Doso, sai bayan shekaru na sauka tashar Jega da zabirar a kafaɗa.

Ranar da aka mayar mini da zabirar, da muka koma gida, tsohon ya cire hula ya zauna bisa buzu ya juya mini ƙeya.

"Fito da ta ubanka. Tunda ka zo da tawa kake aiki, ban ga taka ba."

Na wasa askar, na jiƙa masa kai, na aske shi a hankali yadda ban taɓa yi wa kowa ba. Fatar kansa ta yi laushi kamar ta jariran da muke yi wa suna. Da na gama ya shafa ko'ina da hannun nan mai rawa.

"Ka bar gashi a bayan kunne."

Na duba, babu ko sili. Na sake jiƙa wurin, na bi da aska.