Buhun waken da na aike shi da shi

Idan dukan iko a hannun Mai Ceto yake, wa ya tura mijina tasha ranar nan, ni ce ko Shi? Na tambayi fasto, na tambayi dattawa, har yau ban samu amsar da ta zauna mini ba.

Ni ban iya karatu ba. Abin da na sani na Littafi Mai Tsarki daga bakin maigidana na ji shi, a tsakar gidanmu a Nasarawo, yana karantawa ina tsince wake. Kafinta ne. Wurin da ya fi so shi ne inda Ubangiji ya tsawata wa iska da teku suka yi tsit. Yakan ce annabi roƙo yake yi, wannan kuwa umarni ya bayar, don haka Allah ne da kansa a cikin jiki. Nakan ce to, ya tsawata wa ciwon gwiwata mana. Sai ya yi dariya ya ce bakina ne ya fi bukatar tsawa.

Da bama-bamai suka shigo Gombe, aka jera gangunan yashi a ƙofar coci, aka raba wa maza gadi. Kowace Lahadi mutum huɗu ke tsayawa suna laluben masu shiga. Makon da layi ya zo kansa, jita-jita ta cika unguwa cewa coci za a kai wa hari. Na roƙe shi ya bar wa matasa, ya ƙi.

Sai na yi ƙarya. Na ce 'yarmu da ke aure a ƙauye ta aiko, ba su da abin sawa a tukunya, dole buhun waken nan ya bi motar safe. Ya daɗe yana kallona. Shekara arba'in muna tare, ya san fuskata idan na yi ƙarya. Bai ce na yi ba.

A coci ba abin da ya faru. Muna cikin waƙa muka ji ƙarar daga nesa, har wasu suka durƙusa suna godiya da ba mu ba ne. Ni ma na durƙusa. Ashe a tasha bam ɗin ya tashi, mijina na ciki.

Akwatin da muka binne, mutum biyu suka ɗauka ba nishi. A wurin jana'iza wani dattijon coci ya ce wanda ya bar ƙofar gidan Ubangiji ya fita daga inuwarsa. Mutumin da bai taɓa tsayawa gadi ba! Ƙanwar mijina ta matso kunnena ta ce 'yata ta rantse ba ta aiko kowa ba. Tun ranar 'yar nan ba ta sake kwana a ɗakina ba. Tana gaishe ni kamar maƙwabciya.

Har yanzu ina zuwa coci. In an karanta wurin iskar nan, kuka nake yi a fili, ba na rufe fuska. Na gaskata Shi Allah ne. Abin da ke cina ke nan, domin da mutum ne kawai da na yafe masa.

Da safen waccan Lahadin, da ya ɗora buhun a keke, ya juyo ya ce, “Uwar yara, zan je. Amma Wanda teku ya ji maganarsa ba a ƙofar coci kaɗai yake tsaye ba. Ki rufe mini kununa, kada ƙuda ya faɗa.”